Godiya bayan an sallamo mu

Alhamdulillahi. An sallamo mu daga JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, muna gida Unguwar Rogo, yarinya ta ci tuwo da hannunta har tana neman ƙari. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba ku yafe ni, wallahi har yanzu da na zauna sai gyangyaɗi.

Kun san faman da aka sha. Fuska ta kumbura da safe, kafin la'asar ta sace, a kwana biyu ta dawo. Wannan ya ce hangum ne, wancan ya ce haƙori, mai kemis ya ce wani abu ta ci da jikinta bai karɓa ba, aka raba ta da gyaɗa da kifi. Akwai ma wadda ta ja ni gefe ta ce jifa ne, don yarinyar tana ƙoƙari a makaranta. Likita ya ce ban da jifan, sauran duk kan kumbura fuska, har ma da wani na gado da ke kama leɓe da maƙogwaro. Sai ya juya gare ta: "Fitsarinki yana kumfa?" Ta sunkuyar da kai don kunya, ta ce e. Ashe ƙoda ce ke yoyon furotin cikin fitsari. In ya yi ƙaranci a jini, ruwa sai ya fice daga jijiyoyi ya taru a jiki: da dare tana kwance ya taru a ido, da rana ya gangara ƙafa. Shi ya sa takalmin makaranta ke matse ta da yamma.

Daren da muka tafi asibiti ba zai bar raina ba. Wajen ƙarfe 2 ta tashe ni, ta ce, "Umma, an ɗauke wuta ne?" Ga ƙwai a kunne a kanmu. Idanun ne suka rufe ruf, fatar tana sheƙi. Na ce mata e, an ɗauke, don kada ta firgita, ni kuwa ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Babanta yana Kano. Maman 'Yan Biyu, na san kin ce kada in ambace ki, amma sai na faɗa. Ke kika tashi maigidanki cikin wannan sanyin na Jos, ya fito da jallabiya da silifas ya kai mu har Lamingo inda asibitin yake, ya ƙi ko kuɗin mai. Allah Ya raya muku zuri'a, Ya sa ku gama da duniya lafiya, Ya kai ku ɗakinSa.

Sista mai aikin dare, ko sunanki ban tambaya ba. Kin gan ni ina kyarma a kan benci, kika cire suwaitarki kika yafa min, kika ce, "Mama, kar ki yi kuka a gabanta, tana jin ki." Allah Ya biya ki da abin da ya fi. Goggo ta Gangare da ba ta taɓa fashin kawo kunu ba, matan Islamiyyarmu da suka haɗa kuɗin gwaji, malamarta da ta aiko da darasi, Allah Ya saka, Ya kare ku daga kwanan asibiti, Ya jiƙan iyayenku.

'Yan uwan da ke nan cikin gari amma Lamingo ta yi musu nisa, mun ga saƙonninku a WhatsApp, mun gode.

An ɗora ta a kan prednisolone, kuma likita ya ce maganin kansa yakan cika fuska, don haka in kun gan ta da kumatu kada ku sa salati. Ciwon kan iya dawowa, za mu riƙa zuwa ana duba fitsari. Masu niyyar kawo abinci, don Allah a rage gishiri da magi sosai, kuma kada a kawo mata jiƙe-jiƙe. A ci gaba da sa ta a addu'a.