Bayan an wallafa rahoto, wa ke bin sawun gyaran?

A Ingila, idan yaro ya rasu ko ya samu mummunan rauni kuma ana zargin cin zarafi ko sakaci ne sanadi, wajibi ne ƙaramar hukuma ta sanar da kwamitin ƙasa mai nazarin irin waɗannan al'amura cikin kwanakin aiki 5. Daga nan a yi bitar gaggawa cikin kwanakin aiki 15, idan kuma an ga buƙatar zurfafa bincike, a wallafa cikakken rahoto cikin wata 6. Abin da ya fi damuna shi ne shekarar da ke biyo bayan rahoton, lokacin da 'yan jarida suka watse, aka bar kansiloli da takardun alkawari.

Wata doka da aka yi a 2017 ta ɗora nauyin kare yara a wuyan hukumomi uku daidai wa daida: ƙaramar hukuma, 'yan sanda da hukumar lafiya ta yankin. Hikimar hakan a fili take ga wanda ya san labarin Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 da ta rasu a Landan a shekarar 2000, bayan ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitoci da 'yan sanda duk sun gan ta, kowa na riƙe da guntun labarinta ba tare da an haɗa shi wuri guda ba. Binciken Lord Laming na 2003 ya kawo shawarwari 108, amma a 2007 wani yaron, Peter Connelly, ya rasu a ƙaramar hukumar Haringey, wadda ita ma sunanta ya fito a shari'ar Victoria. A 2022 rahoton ƙasa kan yara biyu da aka kashe a yankunan Solihull da Bradford ya sake nuna rauni wajen musayar bayanai, ya kuma nuna yadda aka yi sakaci da koken dangi.

Matsalar ita ce, a kan ma'aikatansu kawai kansiloli ke da iko kai tsaye. Daraktan sashen yara da kansilan da ke riƙe da wannan fanni suna amsa tambayoyin kwamitin sa ido na majalisar ƙaramar hukuma, amma shugaban 'yan sanda ba a ƙarƙashin majalisa yake ba, haka ma asibiti. Makarantu kuwa, waɗanda suka fi kowa ganin yaro kullum, dokar 2017 ba ta sa su cikin ukun ba. Saboda haka abu ne mai sauƙi kowace hukuma ta kawo nata rahoton mai kyau, alhali giɓin da yaro ke faɗawa yana tsakaninsu ne.

A ganina bai kamata kansila ya gamsu da jadawalin da ke cewa an kammala horar da ma'aikata ba, domin halartar taron horo ba ta nuna cewa aiki ya sauya. Ya nemi a ɗauko fayilolin yara ba tare da zaɓe ba, wakilan hukumomin uku su zauna tare su duba su, sannan a faɗa masa abin da aka gani. Ya tambayi yara nawa ke hannun ma'aikaci guda, da yawan ma'aikatan wucin gadi, domin yaron da ake yawan sauya masa ma'aikaci ba ya sakin jiki ya faɗi damuwarsa. Ya tambayi ko 'yan sanda da ma'aikatan jinya suna halartar taron da ake yanke shawara kan yaro, kuma me ke faruwa idan kaka ta buga waya karo na uku tana cewa ta ga tabo a jikin jikanta.

Ina kuma so a riƙa sa ranar dawowa kan batun a ajandar kwamitin, bayan wata 6 da kuma bayan shekara, a gayyato shugabannin uku su zauna a ɗaki ɗaya a zaman da jama'a za su iya halarta.