Kafin a ce batir ya mutu, a auna waya

A Garwa da Marwa, har zuwa Kusseri da Njamena, ƙorafin masu sola kusan iri ɗaya ne: an sayi sabon batir, rana ta yi zafi yini guda, amma da an kunna talabijin bayan magariba sai ta ɗauke, fanka ta koma juyawa kamar mai jin barci. Nan take a ɗora wa batir laifi. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, wutar a hanya take zubewa, kuma dokoki uku sun isa su nuna maka inda take zuba.

Wuta ba ta aiki sai ta yi zagaye: ta fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya, ta ratsa kayan da ake kunnawa, ta dawo ɗaya kan. Matsin da ke tura ta shi ake aunawa da bolt. Yawan wadda ke gudana, wato abin da masu gyara a nan ke kira kuran, da amfiya ake auna shi. Turjiyar da hanya ke yi mata kuwa da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm wanda ya wallafa dokarsa a 1827. Dokar gajera ce: bolt daidai yake da amfiya sau om. Idan kuma ka ninka bolt da amfiya, ka samu wat.

Ga inda matsalar take. Kayan da ke cin wat 60 a wutar gari ta bolt 220 amfiya 0.27 kawai suke ja. Kayan wat 60 a kan batir mai bolt 12 kuwa amfiya 5 suke ja, kusan ninki 18. Shi ya sa wayar da ta wadatar a gidan da ke kan wutar madatsar Lagdo ba lallai ta wadatar a tsarin sola ba, ko da mai shago ya rantse maka.

Mu yi lissafin. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1 tana da turjiyar kusan om 0.0175 a kowace mita. A ce tsakanin batir da talabijin mita 10 ne. Wutar za ta je ta dawo, saboda haka mita 20 za ka ƙirga, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Da waya mai 1.5, turjiyar ta kai om 0.23; ka ninka da amfiya 5, bolt 1.2 ya tafi a banza, kashi 10 cikin 100 ke nan. Batir yana nuna 12.2, talabijin na samun 11, sai ta mutu. Da waya mai 4, asarar ta sauko bolt 0.44. Da mai 6, bolt 0.29. A ganina, a tsarin bolt 12 kada a yarda asara ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100, kuma matso da batir kusa da kaya ya fi sayen waya mai kauri sauƙi a aljihu.

Abu biyu na ƙara dagula lissafin a yankinmu. Turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri na zafi, to wayar da aka bi da ita ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, idan ta kai digiri 60, turjiyarta ta ƙaru da kusan kashi 16 a kan yadda take a digiri 20. Sannan kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Kankare sili ɗaya da wuƙa: in ka ga fari a ciki, ita ce, kuma turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe na gaske da fiye da rabi.

Sauran dokokin biyu na Gustav Kirchhoff ne, daga 1845. Ta farko ta ce duk kuran ɗin da ya shiga mahaɗa, shi ne zai fita, ba ragi ba ƙari. Talabijin na jan amfiya 4, fanka 2, ƙwai huɗu na wat 5 kusan 1.7 gaba ɗaya: babbar wayar da ta taso daga batir tana ɗauke da 7.7. Ita za a fi kaurarawa, a sa mata fiyus na amfiya 10 a kan wayar tarawa, dab da batir. Aikin fiyus kare waya ne. Wanda ya maye gurbinsa da silin waya ko takardar sigari ya mai da wayar gidan kanta fiyus, kuma batir na iya zubo ɗaruruwan amfiya idan wayoyi biyu suka haɗu.

Ta biyu ta ce idan ka zagaya da'ira, bolt ɗin da batir ya bayar daidai yake da jimillar wanda kowane sashe ya ci. Wannan ita ce makamin mai neman laifi. Kunna kayan tukuna, domin waya ba ta nuna asara sai kuran na gudana. Saita mitar auna wuta a bolt na DC, wato irin wutar batir, auna kan batir, sannan auna bakin talabijin. In ka samu 12.4 da 11.0, bolt 1.4 na maƙale a wani wuri. Sai ka riƙa ɗora tsinken mita biyu a gefe da gefen kowane sashe: fiyus, makunni, kowace mahaɗa, kowane tsawon waya. Mahaɗa mai kyau kusan sifili za ta nuna. Wadda ta nuna 0.5 ko fiye, ka kama ɓarawon.

Mahaɗa mai sako-sako ta fi siririyar waya haɗari, don zafinta a wuri ɗaya yake taruwa. Zafin da ke fita shi ne amfiya sau amfiya sau om. Kan batir da ya yi farin gari ko kore, in turjiyarsa ta kai om 0.05 kuma amfiya 20 na wucewa, wat 20 ke nan a ɗan wurin da bai fi kan yatsa ba. Roba ta fara laushi, ta yi baƙi, wari ya tashi. Cire, goge da burushin ƙarfe, ɗaure da sifana, sannan a shafa man gilisi a sama. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne.

Idan kaya sun yi yawa, a koma bolt 24. Batir biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke iya tarawa), in an jera su kan tarawa na ɗaya zuwa kan ɗebewa na ɗayan, suna ba da bolt 24 da amfiya-awa 100. In an haɗa su tarawa da tarawa, ɗebewa da ɗebewa, bolt 12 ne da amfiya-awa 200. Wutar da aka tara ɗaya ce, amma a 24 kuran ya ragu da rabi, zafin waya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gari, mai wat 1000 a bolt 12 na jan fiye da amfiya 83, abin da ke buƙatar waya mai kaurin 25 ko sama, gajera sosai. Kada a haɗa tsohon batir da sabo ta kowace hanya, tsohon zai ja sabon ƙasa, kuma a tabbata kwantirolar cajin batir da inbata duk na bolt 24 ne kafin a juya haɗin.