Oza 3 na jihar New York da katin zaman ɗan yayata

Ina yi wa 'yan uwanmu Hausawa tafinta a unguwar Bronx, kuma tun watan Maris na 2021, lokacin da gwamnan jihar New York na wancan lokacin, Andrew Cuomo, ya sa hannu a dokar halatta tabar wiwi ga manya, kunnena bai huta ba. Iyaye na tambaya cikin fargaba, samari na tambaya suna murmushi. Ni dai ba na sha, addinina ya hana ni, amma tun da ni ake tarewa da tambayar a ƙofar masallaci, dole ta sa na zauna na karanci dokar da kyau.

Wanda ya kai shekara 21 yana iya yawo da oza 3 na ganyen, wato kusan giram 85, da giram 24 na wanda aka tace. A cikin gida an yarda ya ajiye har laba 5, muddin ya killace ta inda yara ba za su kai ba. Idan ta haura oza 3 a aljihu tara ce, idan ta haura oza 16 kuwa an shiga babin laifi. Ba a sha a cikin mota ko da tana tsaye, ba kuma a sayarwa sai da lasisi. Ƙetare kogin Hudson ka shiga New Jersey, lissafin ya sauya: can oza 6 ne, amma ba a yarda ka shuka ko tushe ɗaya a gida ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne gwamnatin tarayya ba ta halatta wa kowa shan ta don nishaɗi ba, kuma sha'anin shige da fice a hannunta yake, jiha ba ta da ta cewa. Na ga haka ƙiri-ƙiri ranar da ɗan yayata ya zo mini da albishir cewa ya samu aiki a wani shagon wiwi mai lasisi. "Kawu, da takardunsu fa, har haraji suke biya," in ji shi. Yaron na da katin zama na dindindin, yana jiran lokacin neman zama ɗan ƙasa. Na ce masa ya dakata, muka je wurin wata lauya mai aikin shige da fice.

Abin da ta faɗa ya sanyaya mini jiki. Tun 2019 hukumar USCIS, mai kula da takardun zama da neman zama ɗan ƙasar Amurka, ta bayyana cewa aiki a harkar wiwi, ko da jiha ta halatta, na iya sa a ce mutum bai cika sharaɗin kyawun hali ba, a hana shi zama ɗan ƙasa. Ba sai an kama ka ba. Idan jami'i ya tambaye ka a wurin ganawa ko a filin jirgi, kai da bakinka ka amsa cewa ka taɓa riƙewa, wannan kaɗai na iya ɓata maka takardu. Ƙarya kuma ta fi muni, shi ya sa lauyar ta ce a ga lauya kafin a je. Sassaucin da dokar korar baƙi daga ƙasar ta yi ma na giram 30 ne, sau ɗaya tak, alhali jiha ta ce 85.

Abin yana ci mini rai, domin tallan da yaranmu ke gani a titi bai ambaci wannan ba. Abokinsa da aka haifa a nan zai karɓi aikin ya kwana lafiya, shi kuwa zai iya rasa wahalar shekaru. Yaron ya haƙura, ya koma aikinsa na kai kaya. Yanzu duk wanda ya tare ni da zancen oza nawa aka yarda, sai na fara tambayar sa irin takardar da yake zaune da ita, in ba ɗan ƙasa ba ne na haɗa shi da lauya.