Motar Baba ta tashi: godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, motar Baba ta tashi jiya da yamma, bayan kwana uku muna fama da ita. Masu bugo waya suna tambaya ko an dace, to an dace, kuma ba da wayona ba.

Ga wanda bai san ta ba, Mercedes 240D ce ƙirar 1982, mai shan dizal, wadda marigayi mahaifinmu ya bari. Wata goma sha huɗu ta yi a rumfa ba wanda ya taɓa ta. Laifin nawa ne tun daga tushe: ban cire kan batir ba, na bar tankin bai kai rabi ba, ko leƙa ta ban yi ba. Da mai rumfar ya ce yana buƙatar wurinsa, na ɗauka aikin minti goma ne, a jona mata batir in ja abata.

Maƙwabcina shi ya fara shan wahalata. Ya kawo ƙaramar motarsa mai fetur da wayoyinsa, muka jona, na murɗa makulli. Ban da ƙas-ƙas-ƙas ba abin da muka ji, fitilun gaban direba suna lumshewa kamar mai gyangyaɗi. Kusan awa guda yana taka totur ina murɗawa, har robar wayoyin ta yi laushi don zafi. Ko tsaki bai yi ba. Malam, na ga abin da na yi wa wayoyinka, sababbi suna nan tafe.

Yaya, kai ka tsayar da ni ta waya. Ka ce kada in ƙara taɓa makullin sai na tabbatar injin bai kafe ba. Na ari soket mai lamba 27, na sa a babban ƙusan fulin da ke gaban inji, na juya shi da hannu zagaye biyu. Da nauyi, amma ya juya. A nan na fara samun numfashi, don a raina har na fara lissafin masu sayen ƙarfe. Kai ne kuma ka ce in buɗe gidan filtar iska. Ɓeraye sun tara tsummoki da yagaggun takardu a ciki, da injin ya tashi a haka da ya zuƙe su.

Mai gyaran wayarin da ya zo washegari ya cancanci godiya ta musamman, domin bai karɓi maganata ba. Ni na riga na yanke hukunci cewa kik, na'urar da ke juya inji ya tashi, shi ne ya mutu, har na ce masa ya cire mu nemi wani. Ya ce, "Yallaɓai, bari mita ta yi magana tukuna." Batir mai lafiya idan yana hutawa kan nuna wajen bolt 12.6. Nawa ko 8 bai kai ba. Ya ce batirin da ya daɗe a sauke, gishirin gubar da ke taruwa a farantansa yakan sanƙare, caji ya daina shiga. Ka jona masa wani, to siraran wayoyin nan su kaɗai za su ɗauki dukan nauyin tayar da injin, ga shi mataccen yana jan nasa kason.

Abin da ban taɓa tsayawa na fahimta ba ke nan. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Wannan injin yana matse ta kusan ninki 21, na fetur kuwa yawanci 9 ne ko 10. Saboda haka kik yana jan ɗaruruwan amfiya, kuma sai ya juya da sauri zafin zai taru. Ga hitoci huɗu masu ɗumama cikin injin, da ke shan tasu wutar kafin ma a kai ga kik. Wayar da ta ishi ƙaramar motar fetur, a nan zare ce.

Ya sauke mataccen, ya ɗaura babban batir kai tsaye. Injin ya juya, amma da ƙyar, kamar ana roƙonsa. Na dube shi irin kallon "ai na faɗa maka". Bai ce komai ba. Ya ɗauki waya ɗaya ya haɗa kan batir na nagatif da jikin injin, ya ce in sake. Sai ga inji yana juyawa fir-fir. Ashe wayar at, wato ta nagatif da ta haɗa inji da jikin mota, ita ce ta yi tsatsa a ƙarƙashin noti, kore shar. Sanfefa kawai ta sha. Ya duba fis ɗin hita mai amfiya 80 da hitocin ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Allah Ya yi wa sana'arka albarka.

Duk da haka ba ta tashi ba. A nan Kawu ya shigo, shi da ya shekara da shekaru yana jan manyan motoci. Ko bonet bai kalla ba, bayan motar ya zagaya ya tsuguna a bakin salansa ya ce in murɗa. "Ɗana, babu hayaƙi. Da mai yana isa, ko ba ta tashi ba za ka ga fari-fari yana fita." Wani daga cikin 'yan kallo ya ce a fesa maganin tayar da inji a bakin iska. Kawu ya hana, ya ce da hita a zafafe abin kan fashe kafin lokacinsa, ya karya ringi ko ya lalata fistin. Masu cewa a ja ta da igiya a sa giya kuwa, tambaya ɗaya ya yi musu: wa ya gwada birkin?

Ya sa aka tsiyayo man tanki a farar kwalba. Muka ajiye ta minti biyar, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, dizal a sama, tsakaninsu wani baƙin abu mai yauƙi. Tankin da ba a cika ba yana tara raɓa, ƙwayoyin cuta kuma suna rayuwa daidai inda ruwa ya haɗu da mai, su ne ke toshe filta. Muka canza filtocin biyu, muka cika babbar da sabon dizal kafin ɗaurawa, muka ja tiyo daga jarka maimakon tanki. Ƙanena ya yi ta danna famfon hannu har tafinsa ya yi ja, sai da kumfar iska ta daina fita. Sannan Kawu ya sassauta notocin bututun nozul, masu fesa mai a cikin inji, da sifana 17, don sauran iska ta fita. Murɗawa daƙiƙa goma, hutu minti biyu, don kada kik ya ƙone. A karo na huɗu mai ya fara tofowa, ya ɗaure su.

Na kunna hita sau biyu kamar yadda ya ce. Ta yi tari. Ta sake. Sai silinda ɗaya ta kama, ta biyu ta bi, motar gaba ɗaya tana karkarwa, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, hannun Kawu yana kan ƙarfen kashe inji ko da za ta zarce. Ba ta zarce ba, ta daidaita da wannan ƙarar tata da muka tashi muna ji kowace safiya. Kawu, Allah Ya ƙara girma da lafiya.

Uwargida, ke kika riƙe tocila dare biyu ba ki ce na faye taurin kai ba, ko da yake na ga maganar a fuskarki. 'Yata kuma ta naɗi ƙarar injin ta tura wa Inna, wadda ta ce ta saurara sau uku.

Sauran aiki: juyen baƙin mai, wankin tanki, birki da tayoyi, kafin ta hau titi. Wanda kuma ya manta sifana mai jan salatif a mariƙinta, tana wurina.