Ni da Duna a gandun Lyme

Asabar, tsakiyar Oktoba.

Yau dai Allah ya yi mun je Lyme Park, wani tsohon gida mai gandun barewa a Ingila, ni da 'yata Hafsat da karenmu Duna. Maman Hafsat ta ce wannan sanyin ba da ita ba, ta cika mana filas da shayi mai citta, ta ƙulla mana ƙosai a leda, ta ce mu gaishe da barewa. Jirgin ƙasa muka hau daga Manchester Piccadilly zuwa ƙauyen Disley, tafiyar kamar rabin awa. A ƙasar nan kare na shiga jirgi kyauta, shi ya sa Duna ya miƙe dogayen ƙafafunsa a ƙarƙashin kujera kamar wanda ya biya kuɗinsa.

Daga ƙofar gandun zuwa gidan kansa akwai tafiyar kusan mil guda. Muka bar titin mota muka hau tudu, ciyawa jiƙe da raɓa, iska na kaɗa mu ta gefe. Filin ya kai wajen eka 1,400, kuma iyali ɗaya ne, zuriyar Legh, suka riƙe shi tun daga 1398 har zuwa 1946, lokacin da suka miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gidaje da filaye a Ingila. Kusan shekara ɗari biyar da hamsin ke nan, magaji bayan magaji.

Ba mu kai rabin tudun ba Duna ya tsaya cak. Ƙafar gaba ɗaya a ɗage, kunnuwa a miƙe, hancin nan na rawa, gashin ƙeyarsa ya tashi. Ni ban ga komai ba. Sai can daga kwari muka ji wani kuka mai kauri, kamar rurin bijimi a garke da asuba. Hafsat ta damƙe hannuna ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Jajayen barewar gandun ne, watan barbararsu ke nan, mazan na kiran juna faɗa. Da muka ƙara hawa muka hango su: namiji guda, wuya ya kumbura, ƙahonni masu rassa, taɓo ya bushe a ƙirjinsa, yana zagaye matansa yana korar wani matashi da ke raɓe-raɓe. In ya buɗe baki, tururi ke fita.

Na naɗe igiyar Duna a hannu har ta shiga nama. Jinin karnukan gudu ne a jikinsa, in ya kuɓuce babu mai kamo shi sai ya gaji don kansa. Yana ta karkarwa yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ya dube ni, ya dubi barewa, ya sake duba na. Na durƙusa na dafa ƙirjinsa, zuciyar na bugawa da ƙarfi a tafin hannuna. Na ce, "Zauna, Duna." Ya zauna. Wallahi na ji daɗin wannan zaman fiye da duk abin da na gani yau, don na san abin da ya danne kafin ya yi shi. Kakana ɗan farauta ne, kuma tun muna yara yake ce mana karen kirki shi ne wanda ya ga nama ya jira umarni.

Akwai wani mutum da ya saki ƙaramin karensa nesa kaɗan da mu, duk da alluna na cewa a ɗaure. Raina ya ɓaci. Dabbar da ke cikin wannan hali, in aka firgita ta, ko ta ji wa kanta ciwo ko ta soke karen. Wata dattijuwa ta yi masa magana, ya ɗaure.

A ƙolin tudun akwai hasumiyar dutse mai kusurwa huɗu da ake kira The Cage. An sake gina ta a 1737, kuma daga samanta manyan gida da baƙinsu ke kallon farauta. Daga baya ta zama mazaunin mai gadin gandu, kuma a nan ake kulle waɗanda aka kama suna farauta a sace. Na daɗe tsaye a gindinta. Daga can ana hango dogayen gine-ginen Manchester a gefe guda, duwatsun Peak District a ɗaya gefen, amma hankalina na kan mutumin da aka kulle. Manomi ne ko masaƙi, yara a gida ba abinci, nama na kiwo a bayan katanga, shi da karensa suka tsallaka da dare. A wurinmu da rani gari guda ke fita farauta, da gora da karnuka, daji na kowa ne. A nan barewa ta mai gida ce, kuma dokar zamanin tana bayansa. Ginin kyakkyawa ne, amma ban iya kallonsa ba tare da tausayin mutumin nan ba.

Muka gangara zuwa gidan. Shi ne mafi girma a yankin Cheshire, kuma wani magini ɗan Venice, Giacomo Leoni, ya sake masa fuska a shekarun 1720, da manyan ginshiƙai masu kallon tafki. Ba a shiga ciki da kare, saboda haka daga waje muka kalla, muka samu benci muka ci ƙosanmu. Duna ya samu guda biyu daga hannun Hafsat.

A nan na ba ta labarin da gidan ya yi suna da shi. Ana cewa a yaƙin Agincourt, a Faransa, cikin Oktoban 1415, an ji wa Sir Piers Legh rauni ya faɗi, karyarsa ta tsaya a kansa sa'o'i tana kare shi har yaƙi ya lafa. Aka dawo da ita Lyme, daga ita aka samu zuriyar manyan karnukan nan da ake kira Lyme Hall Mastiff, waɗanda gidan ya riƙa kiwo har farkon ƙarni na 20. Hafsat ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, Duna zai yi maka haka?" Na ce mata na yi imani zai yi. A gida kare na bakin zaure ne, mai gadi, ba a faye tuna shi ba sai dare ya yi, kuma har yanzu a ɗakinsa da ke bayan gidanmu Duna ke kwana. Amma haƙƙinsa na kaina, ci da sha da magani da fili irin na yau da zai shaƙi iska.

La'asar na yi ruwa ya fara yayyafi, muka kama hanyar tasha da sauri. Da muka iso gida na shimfiɗa masa tsohon tawul a baranda, na bi jikinsa da yatsu ina neman kaska, don inda barewa ke kiwo ba a rasa su. Na samu guda a bayan kunnen hagu, na cire ta da ɗan ƙarfen cire kaska, na goge wurin da magani. Zan sake dubawa gobe da safe kafin mu fita.