Kwalbar gilashi da minti 20: gwajin jini bayan saran kububuwa

Da damina ta faɗi aka shiga gona, sai kuma lokacin kaka, asibitocin jihar Kaduna su fara karɓar manoma da makiyaya da kumburarriyar ƙafa. Abin da likita ke son sani da farko shi ne ko dafin ya taɓa jini, kuma girman kumburi ba ya nuna hakan. Dafin kububuwa yana sa jiki ya ƙarar da sinadaran da ke daskarar da jini. Sai ka ga mutum zaune yana hira da 'yan rakiyarsa, alhali jininsa ya daina yin guda, dasashinsa ya fara tsatsafo da jini.

Gwajin da ake dogara da shi a nan namu ne na gida. David Warrell da abokan aikinsa, lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su suka yi amfani da shi a binciken saran kububuwa da suka wallafa a 1977. A fayil ɗin marar lafiya za ka ga an rubuta 20WBCT, wato gwajin daskarewar jini na minti 20.

Yin sa ba wuya. Ɗebo jini kimanin mililita 2 daga jijiya, zuba a sabuwar kwalbar gwaji ta gilashi, mai tsabta, busasshiya. Rubuta lokaci. Ajiye ta tsaye inda ba wanda zai taɓa ta. Minti 20 na cika, karkata ta sau ɗaya a hankali. In jinin ya yi guda ya tsaya, madalla. In ya malalo kamar ruwa, dafi na aiki, a fara makarin dafi ba jira.

Kwalbar ce ke jawo yawancin kuskure. Gilashi ne da kansa ke tayar da daskarewar jini da zarar sun haɗu, roba ba ta yin haka yadda ya kamata. Don haka wanda ya bar jinin cikin sirinji, ko ya zuba a kwalbar roba, zai iya ganin jinin lafiyayyen mutum ya ƙi yin guda. Haka ma tsohuwar kwalbar da aka wanke da omo, ko wadda aka bari da danshi. Illar ba ƙarama ba ce: a ba mutum maganin da ba ya buƙata, mai tsada, wanda ke iya tayar masa da mummunan borin jini, sannan wanda ya zo bayansa da ainihin buƙata a tarar ya ƙare. Girgiza kwalba kowane minti biyar don a leƙa, shi ma yana farfasa gudan da ya fara haɗuwa. In ana shakka, a ɗebi jinin ɗan'uwansa mai lafiya, da yardarsa, a zuba a kwalba irin wannan a ajiye su gefe da gefe. In na mai lafiyar ma ya ƙi, laifin kwalba ne.

Agogo kuma shi ne rabin aikin. Bayan an ba da makarin dafi, ana maimaita gwajin ne bayan awa 6, domin hanta na buƙatar sa'o'i kafin ta mayar da abin da dafin ya cinye. Wanda ya gwada bayan awa ɗaya zai ɗauka maganin bai yi ba. Sai dai in jini na ci gaba da zuba sosai, ba a zaman jiran awa shidan. Kuma wanda jininsa ya daskare a gwajin farko kada a sallame shi. Dafin na iya bayyana daga baya, a riƙe shi aƙalla awa 24 ana maimaitawa.

Ga mai bincike, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Gwajin magungunan makarin dafi biyu da aka yi a Kaltungo ta jihar Gombe, EchiTAb G da EchiTAb-Plus-ICP, kan marasa lafiya 400, wanda aka wallafa a 2010, da wannan kwalba aka auna nasararsa: jini ya dawo daskarewa bayan awa 6 kuma ya ɗore? Duk wanda zai tattara bayanai a asibitinsa ya tanadi kwalba iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ya horar da nas-nas na safe da na dare hanya ɗaya, kuma takardarsa ta ware gurbin lokaci huɗu: na sara, na isowa, na ɗiban jini, na ba da magani. "Da yamma" ba lokaci ba ne. In manomi bai duba agogo ba, tambaye shi kafin La'asar ne ko bayanta.

Kafin a buɗe makarin dafi, a ja adirenalin, maganin gaggawa na borin jini, cikin sirinji a ajiye kusa da gado, miligiram 0.5 ga babba. Yaro kuwa adadin makarin dafinsa ɗaya ne da na babba, tunda maciji bai rage masa dafi don ƙanƙantarsa ba. Na ciwo a ba da farasitamol, ban da asfirin da diklofenak, masu ƙara zubar jini.

Gwajin yana da iyakarsa. Wanda maciji mai dafin shanye jiki ya sara, jininsa na iya daskarewa sarai, shi kuwa fatar idonsa tana saukowa, haɗiyar yawu tana gagararsa. Irin wannan, numfashinsa za ka tsaya a kai.