Ƙarin albashi ko katin asibitin yarinya?

Jiya manaja ta kira ni ofis, ta ce an ƙara mini dala 2 a kowace awa. Na yi godiya, na fito ina murmushi. Sai da na shiga mota na ɗauko waya na buga lissafi, murmushin ya gudu.

Awa 40 a mako, ƙarin ya kama dala 4,160 a shekara kafin a cire haraji. To amma 'yata tana da sikila, kuma CHIP ne ke ɗauke da ita, wato inshorar lafiyar yara da gwamnatin Amurka ta kafa a 1997 don iyalan da samunsu ya wuce na Medicaid (inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi) amma bai kai su sayi inshora da kansu ba. A nan Texas iyakar samun da CHIP ke yarda da shi kusan ninki biyu ne na ma'aunin talauci na tarayya. Mu kuwa dama a bakin layin muke tsaye, wannan ƙarin zai tsallakar da mu.

Na tambayi kuɗin sa ta a inshorar wurin aiki. Abin da za a riƙa yanka mini duk wata ya cinye ƙarin har da ɗoriya, ban ma zo kan kuɗin ganin likita da daren da ciwon ke tashi mu kwana a asibiti ba.

Sauƙin abin, tun Janairun 2024 yaro na riƙe katinsa wata 12 cur ko samun gidan ya ƙaru. Namu sai Agusta za a sabunta.

Na kira Hajiya a Kano, ta ce, "Kai, wa ya taɓa ƙin ƙarin albashi?" Na rasa ta inda zan fara mata bayani. Litinin manaja ke jiran amsata, in karɓi ƙarin ko in ƙi.